"Manly", "masculine", "macho": ina suka rabu, kuma yaya za a faɗe su da Hausa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin jarida, kuma nakan ɗan taɓa fassarar labarai daga Turanci zuwa Hausa. Akwai kalmomin da suke ba ni wahala: manly, masculine, macho, virile da manhood. Duk ƙamus ɗin da na buɗa sai ya nuna mini kusan abu ɗaya, wato abin da ya shafi namiji. Shin da gaske ma'anarsu ɗaya ce? Idan ba ɗaya ba ce, wacce ce yabo, wacce ce suka? Sannan me ake nufi da toxic masculinity da alpha male da nake yawan gani a Facebook? Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Wa alaikumus salam. Amin, ɗan'uwa, Allah ya yi wa karatu albarka.

Idan na fahimce ka, ƙamus ya zuba maka kalmomi biyar a kwando ɗaya, kai kuma kunnenka yana gaya maka cewa akwai bambanci. Kunnenka ne yake da gaskiya. Dukkansu suna nuni ga namiji, amma kowacce tana ɗauke da hukuncin mai magana a kan namijin da yake magana a kansa. Wata bayani ne kawai, wata yabo, wata kuma suka ce da aka lulluɓe. Wanda ya fassara su duka da "na namiji" bai yi ƙarya ba, sai dai ya zubar da hukuncin, alhali sau da yawa hukuncin shi ne labarin.

Dalilin da ya sa Turanci ya tara su da yawa haka yana cikin tarihinsa. Akwai kalmomin gado na tsohon Turanci, irin "man" da 'ya'yanta "manly", "manhood" da "mannish". Akwai waɗanda suka shigo daga Latin, yawancinsu ta hanyar Faransanci, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Nan ne "masculine", "male" da "virile" suke. Sai kuma baƙuwar baya-bayan nan, "macho", wadda aka aro daga Sifaniyanci. A tsohon Turanci ma "man" mutum take nufi, mace ko namiji. Namiji baligi "wer" ake ce masa, mace kuwa "wif", kuma daga "wifman" aka sami "woman". Daga baya "wer" ta ɓace, "man" ta haɗa aiki biyu, mutum da namiji. Wannan haɗin shi ne tushen gardamar da ake yi yau a kan kalmomi irin "chairman" da "mankind". Mu Hausa ta raba mana gardama tun farko, tunda mutum daban, namiji daban.

"Male", "masculine" da "manly"

"Male" ita ce mafi sauƙi. Jinsin halitta take faɗa, na mutum ko dabba ko tsiro, ba yabo ba suka. Bunsuru "male" ne, zakara "male" ne, jaririn da aka haifa jiya "male" ne. Idan ka gan ta a fom ɗin asibiti ko rahoton 'yan sanda, "namiji" ta wadatar.

"Masculine" ta ɗan matsa gaba. Tana bayyana siffofin da al'umma ta saba jingina wa maza: murya mai kauri, faɗin kafaɗa, irin ƙamshin turare, yankan tufafi, har launin ɗaki. Yawanci ba ta ɗaukar ɓangare. Ana iya cewa mace tana da "masculine voice", ma'ana muryarta irin ta maza ce, ba tare da an zage ta ba. Ba a cewa bunsuru "masculine" ne, domin maganar siffa ce ta al'ada, ba ta halitta ba. Ita ce kuma kalmar nahawu, inda ake raba sunaye zuwa jinsin namiji da na mace, kamar yadda Hausa take cewa "gida ne" amma "mota ce".

"Manly" kuwa yabo ce, kuma hali take yabo fiye da jiki. Zamanin da ta fi tashe shi ne na Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, lokacin da makarantun kwana na 'ya'yan manya a Ingila suka ɗauki tarbiyyar "manliness" a matsayin babban aikinsu: ƙarfin zuciya, faɗin gaskiya, danne fushi, cika alkawari, jure wahala ba tare da ƙorafi ba. Abin lura shi ne, a wancan zamani kishiyar "manly" ba mace kaɗai ba ce, har da yaro. Wanda ya kasa riƙe kansa bai girma ba ke nan. Wata masaniyar tarihi a Amurka, Gail Bederman, ta nuna a littafinta na 1995 cewa wajen ƙarshen ƙarni na 19 ne "masculinity" ta fara ture "manliness" a bakin Amurkawa, kuma sauyin kalmar ya zo tare da sauyin tunani: daga yabon kamun kai zuwa yabon ƙarfin jiki da zafin nama.

Saboda haka idan ka haɗu da "manly", ka duba wajen jarumta da dattaku a haɗe. "Ya yi ta maza", "namijin duniya ne", "ya nuna halin girma", dukkansu suna kusa, gwargwadon jimlar. Ka sani kuma cewa a Turancin yau kalmar ta ɗan tsufa, har wasu sukan faɗe ta da zolaya. 'Yar'uwarta "manfully" ta fi ta rai a rubutun jarida, kuma ta yi daidai da "namijin ƙoƙari" namu, har a wannan ɓangaren: ana faɗin ta a kan mace ko ƙungiyar ƙwallo, kamar yadda muke cewa "ta yi namijin ƙoƙari" ba wanda ya ji wani abu.

Akwai tarko ɗaya a nan da nake yawan jan kunnen ɗalibaina a kai. "Mannish" ba ƙanwar "manly" ba ce wajen ma'ana. A kan mace ake faɗin ta, kuma kusan kullum suka ce, ana nufin ta rasa kyan mata. Mu kuwa idan muka ce "mace mai kamar maza", kirari muke yi, irin wanda ake yi wa Sarauniya Amina ta Zazzau. Duk wanda ya mayar da wannan kirari Turanci da "mannish" ya mai da yabo zagi. Haka "effeminate" take a ɗaya ɓangaren: suka ce ga namijin da ake ganin ɗabi'unsa na mata ne, alhali "feminine" bayani ne kawai. Kuma kada ka yi saurin fassara "effeminate" da "ɗan daudu". Ɗan daudu suna ne na wani rukuni sananne a cikin al'ummarmu, da sana'o'insa da irin kallon da ake yi masa. Baturen da ya rubuta "effeminate" wataƙila tafiyar mutum ko muryarsa kawai yake nufi. Ka ce "mai ɗabi'u irin na mata", ka tsaya nan, kada ka ɗora wa mutum abin da ba a faɗa a kansa ba.

"Virile" da "manhood": inda ake jin kunya

"Virile" daga "vir" ta fito, wato namiji a Latin, kuma tushensu ɗaya da "virtue", domin a wurin Rumawa nagarta da jarumtar namiji abu ɗaya ne. A Turancin Ingila da Amurka na yau, "virile" ƙarfin jiki take nufi tare da ƙarfin saduwa da iyali. Idan aka ce dattijo har yanzu "virile" ne, kowa ya san inda aka dosa. Masu tallan maganin ƙarfin maza ita suke nema.

Sai dai a Turancin Najeriya kalmar ta sami wani gida. 'Yan siyasa da marubutan sharhi sukan ce suna son gina "virile nation", ko a sami "virile opposition". Ƙasa mai ƙarfi da kuzari suke nufi, da 'yan adawa masu ƙwazo. Wannan ma'anar tana da asali a tsohon amfani da kalmar, amma a waje ta ja baya, mu muka riƙe ta. To ka dubi wanda ya rubuta. Idan jawabin gwamna ne, "mai ƙarfi" ko "mai kuzari" za ka ce. Idan mujallar lafiya ce daga Landan, maganar ɗaki ake yi.

"Manhood" ma'ana uku gare ta, kuma ita ce ta fi jefa mai fassara cikin abin kunya. Ta farko lokacin rayuwa, wato fita daga ƙuruciya zuwa zama cikakken mutum. Ta biyu halin da ake tsammani ga namiji, abin da muke kira mazantaka. Ta uku kuwa sakaya ce ga al'aurar namiji, kuma jaridun Najeriya da ita suke amfani duk lokacin da jita-jitar satar mazakuta ta tashi a wani gari. A bakin mutane da yawa "mazakuta" ta fi karkata ga gaɓar, "mazantaka" kuma ga halin, ko da yake akwai masu musanya su, don haka ka karanta jimlarka da ƙarfi kafin ka sake ta, ka ji yadda za ta faɗa a kunnen mai sauraro. Akwai kuma "manhood suffrage" a littattafan tarihi, wato 'yancin zaɓe ga duk namiji baligi. Irin wannan tsari aka bi a Jihar Arewa a zaɓen tarayya na 1959, inda maza kaɗai suka jefa ƙuri'a. A nan ba jarumta ba al'aura, shekaru da jinsi kawai ake magana.

Bari in daɗe kaɗan a kan ma'ana ta biyu, domin akwai wani misali da yake nuna nauyin kalmar "man" fiye da duk bayanin da zan yi. A 1968 ma'aikatan kwasar shara baƙaƙen fata a birnin Memphis na Amurka suka shiga yajin aiki, suna ɗauke da alluna da aka rubuta "I AM A MAN". Wannan yajin aikin ne ya kai Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, birnin, inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu na shekarar. Idan ka fassara allon da "ni namiji ne", mai karatu zai yi mamaki, wa ya ce su mata ne? Abin da ke ƙasa shi ne, a kudancin Amurka farar fata yakan kira baƙar fata "boy" ko da ya yi jika. Mu ma mun san wannan kira, domin daga bakin Turawan mulkin mallaka muka sami "boyi", sunan da ake kiran magidanci mai 'ya'ya da shi saboda yana aiki a gidan Bature. Allon yana cewa ne: ni mutum ne cikakke, ni ba yaron kowa ba ne, a ba ni mutuncina. Kalma ɗaya ta haɗa mutum da namiji da baligi, Hausa kuwa sai ta zaɓi ɗaya. Ni "ni ma mutum ne" zan zaɓa, in ƙara jimla guda ta bayani a kan "boy".

"Macho"

A Sifaniyanci "macho" namijin dabba ne, ana kuma faɗin ta ga mutum. Ta shiga Turancin Amurka ta hanyar Meziko, ta bazu sosai a shekarun 1960 da 1970, lokacin da masu fafutukar 'yancin mata suka riƙe ta, ita da "machismo", suna sukar wani irin hali na maza. Shi ya sa har yau suka ta fi yawa a cikinta. "Macho" shi ne mai nuna mazantakarsa don a gani: buɗa ƙirji, ɗaga murya, ƙin neman taimako, ƙin amsa kuskure, ɗaukar tausayi a matsayin rauni. Bambancinta da "manly" a nan yake. "Manly" hali ne da wasu suke gani a jikinka su yaba, "macho" kuwa kai ne kake tallan kanka. Hausa ba ta rasa kalmomin wannan ba: nuna isa, ji da kai, burga, fankama, nuna ƙwanji. Kada ka kira surukinka "macho" kana zaton yabo ne.

Ga wani abu da zai amfane ka idan kana fassara labaran Gana. A can "macho men" suna ne na ƙartin majiya ƙarfi da 'yan siyasa suke haya lokacin zaɓe don tsoratar da jama'a ko tsare akwati. 'Yan bangar siyasa ke nan a Hausarmu, ba "jarumai" ba.

Kusa da ita akwai "male chauvinist", namijin da ya ɗauka maza sun fi mata a komai. Asalin "chauvinist" sunan Nicolas Chauvin ne, wani sojan Napoleon da labaran Faransa suka shahara da shi wajen makauniyar kishin ƙasa, kuma kalmar ita kaɗai har yanzu tana iya nufin mai tsananin kishin ƙasa ko ƙabila. Sai an sa mata "male", ko jimlar ta nuna, take zama mai raina mata.

Kalmomin da kake gani a Facebook

"Toxic masculinity" ta fito ne daga wata ƙungiyar maza a Amurka a shekarun 1980 da 1990, masu neman gyara tarbiyyar maza, kafin masana zamantakewa su ɗauke ta. Ta cika duniya bayan yunƙurin #MeToo na 2017, inda mata suka riƙa fallasa cin zarafin da maza suka yi musu. A 2018 masu ƙamus na Oxford suka zaɓi "toxic" a matsayin kalmar shekara, suka ce bayan "chemical" babu kalmar da aka fi haɗa ta da ita kamar "masculinity".

Kuskuren da na fi gani a fassarar ɗalibai shi ne "mazantaka guba ce". Wannan ya juya maganar. "Toxic" siffa ce da take ware wani nau'i, kamar yadda "gurɓataccen ruwa" ba ya nufin duk ruwa gurɓatacce ne. Abin da masu kalmar suke nufi shi ne wasu ɗabi'u da ake koya wa yara maza da sunan mazantaka, waɗanda suke cutar da wasu, su kuma cutar da mai su: dukan mace don a nuna iko, ɗaukar fansa a kan ƙaramin raini, ƙin zuwa asibiti har ciwo ya ci ƙarfi, haɗiye baƙin ciki har ya zama hawan jini ko shaye-shaye. "Gurɓatacciyar mazantaka" ko "mazantaka mai cutarwa" sun riƙe ma'anar.

Amma gaskiya ne cewa maza da yawa a Amurka da Ingila suna jin kalmar a matsayin zagin maza baki ɗaya, kuma wasu masu amfani da ita haka suke harba ta. Kalmar faɗa ce, ba ta ƙamus kaɗai ba. Ra'ayina shi ne abin da take nunawa yana nan, muna ganinsa a gidajenmu, kuma iyayenmu ba su taɓa kiran mai dukan matarsa jarumi ba. Sai dai ina ƙin a yi amfani da ita a share juriya da haƙuri da ɗaukar nauyin iyali, waɗanda su ne ƙashin bayan abin da muke kira namiji. Magidancin da ya cije ya fita nema da zazzaɓi a jikinsa don kada yara su kwana da yunwa, ba guba yake ɗauke da ita ba. Idan kana fassara labari, ka jingina kalmar ga wanda ya faɗe ta, "abin da ta kira gurɓatacciyar mazantaka", kada ta zama kamar hukuncin gidan jaridarku.

"Alpha male" kuwa daga nazarin dabbobi ta fito. A 1947 wani masani, Rudolf Schenkel, ya wallafa bincike a kan kyarketai da aka tsare a gidan namun daji na Basel a Siwizalan, inda ya ga suna faɗa har ɗaya ya mamaye sauran. Wani masanin Amurka, David Mech, ya yaɗa wannan ra'ayi a littafinsa na 1970. Bayan ya daɗe yana bin kyarketai a daji, sai ya wallafa a 1999 cewa garken kyarketai na daji iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu, kuma shugabancin na iyaye ne, ba na wanda ya fi cizo ba. Har ya nemi a daina buga tsohon littafin nasa. Amma kalmar ta riga ta fita daga hannun masana, ta shiga bakin masu sayar wa samari darasin "zama namiji" a intanet, suka ƙaro "beta" ga wanda suke ganin rago ne, da "sigma" ga mai tafiya shi kaɗai. A bakin waɗannan "alpha male" yabo ce: shugaba, gaba da kowa, wanda ba a taka shi. A bakin marubucin jarida kuwa sau da yawa ba'a ce ga mai son mulkar mutane. Ba ta da fassara guda. Wani wuri "mai son ya fi kowa", wani wuri "uban tafiya", wani wuri "mai ji da kansa".

A nan ne iyakar abin da zan iya ba ka a matsayin ƙa'ida. Tsofaffin kalmomin sun zauna, ana iya dogara da abin da na faɗa a kansu. Na intanet kuwa suna sauya launi cikin 'yan watanni, kuma yaro ɗan sakandare yana iya faɗin "sigma" da wasa zalla, babu wata aƙida a bayanta. Waɗannan sai ka karanta abin da ke gaba da bayansu, ka ga waye mai maganar da wanda yake yi wa.

Ga aikin yau da kullum, ka rage dogaro da ƙamus mai harshe biyu, ka nemi na masu koyon Turanci, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary. Yana sa wa kalma alama a gefenta, "approving" idan yabo ce, "disapproving" idan suka ce, "old-fashioned" idan ta tsufa, kuma wannan alamar ita ce abin da ƙamus ɗinka ya hana ka. Wani atisaye da nake ba ɗalibai shi ne su ɗauki jimla ɗaya, a ce ana bayanin wani shugaba, su riƙa sauya kalmar: "manly", "masculine", "macho", "virile". Kowane sauyi su fassara shi da Hausa, sannan su tambayi kansu ko shugaban zai yi murna idan ya ji. Da ta farko zai ji daɗi, ta biyu ba za ta dame shi ba, ta uku zai ɓata rai, ta huɗu kuwa zai tambayi dalilin da ya sa ɗan jarida ya shiga ɗakinsa. Idan fassarorinka huɗu suka fito iri ɗaya, ka koma ka sake.